Ni Na Kwana a Barandar Asibiti, Yaya Ya Kwashe Yabo

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina miki fatan alheri, ya ƙoƙari, Allah ya saka miki da gidan Aljanna. Na daɗe ina karanta amsoshin da kike ba mutane, ban taɓa zaton ni ma zan rubuto ba, don ni ba mai fitar da zancen gida waje ba ce. Amma abin ya taru ya tsaya min a wuya, ko abinci ba ya wucewa da daɗi.

A Jos muke. Mahaifinmu ya rasu yau wata biyu da 'yan kwanaki, Allah ya jiƙansa. Baba ɗan kasuwa ne, amma tun gobarar babbar kasuwar Taminus ta 2002 bai sake miƙewa kamar da ba, sai ɗan saye da sayarwar hatsi a Katako, na cefane dai. Ba fansho, ba ajiya, ba komai sai gidan da suke ciki shi da Inna.

Wata Talata da asuba ya faɗi a wurin alwala. Ni aka kira, don kullum ni ake kira. Na tarar bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafa ba sa motsi, yana kallona yana son magana ta ƙi fita. A keke muka kai shi asibiti, kansa a cinyata. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, jininsa ne ya hau. Kwana 38 muka yi a asibitin nan, Gwaggo. Kwana 38, kuma a cikin hunturu. Kin san sanyin Jos a wannan lokacin. A baranda nake kwana a kan kwali da bargo biyu, da asuba in ɗebo ruwan zafi a fulas in goge masa jiki, in canza masa famfas, in juya shi don kada gyambon kwanciya ya kama shi, in dama kunu in tace in zuba masa ta robar hanci, sannan in ruga wurin aiki in sa hannu in dawo. Yarana biyu a gidan ƙanwar mijina suka zauna duk tsawon lokacin.

Ina da katin inshorar lafiya na wurin aiki, shekara tara ke nan ana yankar min kuɗi a albashi. Ranar farko na miƙa shi da ƙarfin gwiwata. Matar da ke kan teburin ta juya shi ta ce ina sunan mara lafiyar? Na ce mahaifina ne. Ta ce katin nan naki ne da mijinki da yaranki. Na ce to ai an ce yara huɗu ne, ni kuma biyu gare ni, a sa Baba a gurbi ɗaya mana. Ta miƙo min katin ta ce na gaba. Shekara tara ana cire min kuɗi, ranar da na buƙata ya zama ɗan roba kawai a jakata. Har yau in na ga an cire kuɗin nan a takardar albashi sai raina ya ɓaci.

Daga nan komai daga aljihu. Kuɗin ajiya kafin a ba mu gado, hoton kai, gwajin jini kusan kullum, iskar oksijin, safar hannu, auduga, ledar ƙarin ruwa, allurai, duk sai an rubuto an ce je ki sayo. A mako na uku aka ce ƙodarsa ta taɓu, sai an yi wanki. Sau huɗu aka yi masa. Jini leda uku, mijina ya ba da ɗaya, almajiran maƙwabtanmu biyu da suka girma a hannun Baba suka ba da sauran. Akwai daren da aka rubuto wata allura wajen ƙarfe ɗaya, babu ita a ciki, na fita ni kaɗai da fitilar waya ina bin kemis kemis, mai POS ya rufe, sai da na ajiye zobena a wurin mai shago kafin ya ba ni. Na sayar da sarƙata da 'yan kunnen gwal na aurena. Na roƙa aka ba ni ɗaukar adashi tun kafin layina ya zo. Na ci bashi a asusun taimakon juna na wurin aiki, wanda za a yi ta cira har wata 18. Da na zauna na haɗa rasit ɗin da ke cikin baƙar ledar da nake tarawa, abin ya haura naira miliyan biyu. Ni da albashina bai kai dubu 150 ba.

To Gwaggo, ina Yaya? Yaya yana Abuja, kuma kowa ya san inda yake aiki, ba sai na faɗa ba. Abuja zuwa Jos tafiyar awa huɗu ce, ko biyar in hanya ta ɓaci. Sau biyu ya zo a kwana 38. Zuwan farko ya tsaya a bakin gado da hannu a aljihu ya ce sannu Baba, ya fita ya amsa waya. Na biyu da matarsa suka zo, kin dai san irinsu, ta kawo farfesun kaza a kula ga mutumin da ta hanci yake cin abinci. Ya turo naira dubu 100 sau ɗaya, dubu 50 sau ɗaya. Shi ke nan. Kullum da safe zai turo saƙo, ya mai jiki, Allah ya sawwaƙe. Ni kuma in ce da sauƙi. Ban taɓa ce masa kawo ba. Me zan tambaya? Ai ya sani. Ubansa ne kamar yadda yake ubana. Mutumin da ya yi karatu har ƙasar waje ba sai an gaya masa wankin ƙoda kuɗi ne ba. Ai ya sani, Gwaggo, ya sani sarai.

A hannuna Baba ya cika, daren Alhamis wayewar Juma'a. Ni na shafe masa ido, ni na ja mayafi na rufe shi. Sai da na biya ragowar kuɗin gado aka ba mu gawa. Yaya ya iso kafin a sauko daga Juma'a, shi ya shiga kabari a maƙabartar Zaria Road, shi aka yi wa gaisuwa a ƙofar gida. Ranar uku ya sa aka yanka sa, aka kafa rumfuna, kujeru ɗari biyu, shinkafa buhu buhu, abokansa suka cika layinmu da motoci. Ina daga cikin gida ina jin mata suna cewa kai, Alhaji ya haifi ɗa, ɗan albarka, ka ga yadda ya fitar da uban kunya. Wata ma ni ta juyo ta ce min ki gode wa Allah da ya ba ki yaya irin wannan. Na ce alhamdu lillahi. Kuɗin san nan kaɗai da ya isa wanki nawa? Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ba yabon nake nema ba, Allah ya sani, don Allah na yi kuma ubana ne. Amma ace ko sau ɗaya bai ce min sannu da ɗawainiya ba? Ko sau ɗaya. Ko a saƙo.

Yanzu kuma ya kira taro wai ƙarshen watan nan, za a yi maganar gado. Na ji a bakin autarmu cewa so yake a sayar da gidan a raba, har ya samo mai saye, Inna kuma ta dawo wurina tunda ni ce a kusa. Ni ce a kusa. Kullum ni ce a kusa. Bayan abin da ya faru a kan filin Bukuru har yana da bakin da zai ce a sayar da wani abu. Kuma in an raba shi zai ɗauki biyu in ɗauki ɗaya, na san haka Allah ya ce ban ja ba, amma bashin fa? Shi ma biyu zai ɗauka? Inna ba ta cewa komai, tana takaba, ƙafafunta ma sun kumbura ko silifas ba sa shiga, na ce ta riƙa shan ragowar maganin hawan jinin Baba kafin in samu sarari tunda akwai kusan kwali biyu kada a yi asara. Ita dai kullum ku yi haƙuri da juna, ku yi haƙuri da juna. Mijina shi ma ya ce in bar wa Allah. Kowa ni yake ba haƙuri, ba wanda ya je ya ce masa komai.

Gwaggo, ba na barci. In na rufe ido sai in ga barandar nan, in ji ƙarar abin oksijin. In wayata ta yi ƙara na ga sunansa sai gabana ya faɗi, ba na ɗauka. Shin in zube musu ledar rasit ɗin nan a tsakiyar taro kowa ya gani? In na nemi kuɗina ladana ya zube ke nan? Ko in yi shiru in karɓi abin da aka ba ni in rufe ƙofata, kowa ya kama gabansa? Don wallahi yadda nake ji yanzu, ko a hanya ba na son mu haɗu. Kwana 38, Gwaggo, ya zo sau biyu.

Taki, 'yarki daga Jos.

*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba ku haƙurin rashi. Ke kuma sannu. Tunda wanda ya kamata ya faɗa bai faɗa ba, ni na faɗa: sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki fiye da haka.

Masu karanta shafin nan sun san ba na yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya, kuma yayanki bai rubuto min ba. Akwai ma abubuwan da kika tsallake. Ba ki gaya min ku nawa ne ba, ko uwarku ɗaya da shi, ko sunan wa ke kan takardar gidan, filin Bukuru kuwa kin ambata kin wuce kamar ina wurin. Za mu zo kan yayan naki. Amma ajiye ledar rasit tukuna, don a duk doguwar wasiƙarki layi ɗaya ne ya hana ni zama, kuma ke ko tsayawa ba ki yi a kansa ba.

Kin ce ƙafafun Inna sun kumbura har silifas ba sa shiga, kin ce kuma ta riƙa shan ragowar maganin Baba kada a yi asara. 'Yata, kin bar jaki kina dukan taiki. Ke da kika ga abin da hawan jini ya yi wa mahaifinki a wurin alwala, ke ce za ki miƙa wa tsohuwa maganin da aka auna wa wani jikin? An rubuta wa Baba wannan magani ne bisa jininsa, da nauyinsa, da halin da ƙodarsa ke ciki. Waye ya gwada jinin Inna? Kumburin ƙafa a jikin dattijuwa yana iya zama zuciya ce ta fara gajiya, yana iya zama ƙoda ko hanta. Akwai ma maganin hawan jini, irin amlodipine da ake yawan rubutawa a asibitocinmu, wanda shi kansa yakan kumbura idon sawu, ke nan mai yiwuwa abin da kika ba ta ne ke ƙara mata. Wani kuma in ƙoda ba ta da ƙarfi sai ya ƙarasa ta. Ni ba likita ba ce, ke ma haka. Gobe da safe, ba jibi ba, ki zuba kwalayen nan a jaka, ki ɗauki Inna ku je a gwada jininta, da suga, da fitsari, da ƙoda, ki nuna wa likita ainihin abin da take sha da tun yaushe, shi ya ce a ci gaba ko a canza. In kin ga tana haki in ta kwanta, ko numfashi na yi mata wuya, to kada ma ki jira safiyar.

Kada kuma wata tsohuwar unguwa ta ce miki mai takaba ba ta fita. Wata huɗu da kwana goma ne, haka Alƙur'ani ya faɗa, amma malamanmu sun halatta mata fita da rana don larura, ta dawo ta kwana a ɗakinta. In asibiti ba larura ba ne, ban san me ake kira larura ba. Matar da ta yi shekaru da mutum, ta wayi gari babu shi, 'ya'yanta kuma ba sa ɗaukar wayar juna, irin ta ce ke yin shiru tana cewa ku yi haƙuri alhali jikinta na faɗin wani abu dabam. Na ga gidaje da yawa da aka yi zaman makoki biyu a shekara ɗaya.

Sai katin da kike jin haushi. Na fahimci zafin, amma matar teburin nan, ko da ta yi miki rashin fara'a, ba ta zalunce ki ba. Tsarin inshorar ma'aikata tun da aka fara shi a ƙasar nan a 2005 haka yake: ma'aikaci, da abokin aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uba ba ya shiga gurbin ɗa. Ana iya ƙara wani da biyan kuɗi dabam, amma tun yana kan ƙafarsa ake yi. Wanda ya tsara wannan bai yi tunanin gidan Bahaushe ba, inda albashi ɗaya ke ɗauke da uwa da uba da gwaggo da ƙannai, wannan kam na yarda da ke. Sai dai akwai ƙofofin da mutanenmu ba sa ƙwanƙwasawa. A 2022 aka sa hannu a sabuwar doka, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta koma NHIA, aka kuma mai da inshorar lafiya wajibi a kan kowa, a takarda dai. Suna da shirin da ake kira GIFSHIP na wanda ba ya aikin gwamnati, ɗan kasuwa ko tsoho ko mai zaman gida, a biya masa na shekara. Jiharku ta Filato tana da tata hukumar, PLASCHEMA, wadda ita ma ke ɗaukar masu zaman kansu. Sannan dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware asusun kula da lafiya a matakin farko, da ake rajistar marasa ƙarfi da tsofaffi a asibitocin unguwa, ki tambaya a na kusa da ku ko suna ɗauka. Ki je da ƙafarki ki ji farashin bana, ki tafi da lambar NIN ɗin Inna da hotonta, ki kuma tambayi kwanakin jira, don katin ba ya fara aiki ranar da aka biya.

Ba zan yaudare ki ba, ko da Baba na da kati da kin kashe kuɗi. Wankin ƙoda na dogon lokaci ba ya shiga gaba ɗaya, kwanakin kwanciya suna da iyaka a shekara, magani kina biyan kashi 10 cikin 100, wani lokacin a ce babu shi ki fita ki saya, wani lokacin ki wuni kina jiran a turo lambar izini kafin a yi hoto. Duk na sani, ni ma na sha zaman bencin. Amma amfanin katin ga tsoho yana can baya, a shekarun da babu wanda ya faɗi: ganin likita duk wata, gwajin jini, ƙwayar da ake sha kullum ba a yanke ba don kuɗi sun ƙare. Hawan jini ba ya ciwo sai ranar da ya yi aika-aika. Tambayar da ban ga amsarta a wasiƙarki ba ita ce, yaushe rabon a gwada jinin Baba kafin wannan Talatar? Ba don in ɗora miki laifi na tambaya ba, kwanansa ne ya ƙare. Don Inna na tambaya.

Bari in juyo gare ku masu karatu, don wannan ba matsalar gida ɗaya ba ce. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi aka mai da shi naira dubu 70 a 2024. Ma'ana ciwo ɗaya na tsoho ɗaya yana cinye gwal da fili da adashin gida guda. Mun sani, muna gani, amma mu ne masu anko kala uku a biki ɗaya. In aka ce a haɗa kuɗi a yi wa Hajiya kati sai wani ya murtuke fuska ya ce kana yi mata fatan ciwo ne, wani kuma ya ce ai inshora rashin tawakkali ne. Wane tawakkali? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Mai shakka a kan halaccinta ya je ya tambayi malami, akwai ma tsarin takaful da aka gina a kan taimakon juna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma mazan da ke Abuja da Legas da Fatakwal, masu turo "ya mai jiki" da safe: a kowane ɗakin asibiti da na taɓa leƙawa mace ce zaune a gefen gado, 'ya ko suruka ko ƙanwa, da bokiti a ƙarƙashin kujera. Kun ɗauka daga sama take samo kuɗin famfas? Sa ɗin da aka yanka ranar uku mamaci bai ci ko tsoka ɗaya ba.

To, na ce ba zan ɗauki ɓangare ba, kuma ina nan a kan bakata. Mai yiwuwa yayanki na da bashin da ba ki sani ba, mai yiwuwa irin mazan nan ne da ba sa iya kallon ubansu da robar hanci sai su gudu su fake da aiki. Duk da haka, mutumin da ya iya tara motoci da rumfuna cikin kwana uku, da ya so, da ya iya haura Hawan Kibo fiye da sau biyu a kwana 38. Bai kyauta ba. Neman mai sayen gida alhali tsohuwar na cikin takaba kuwa ya fi rashin zuwan muni. Mai takaba a ɗakin mijinta take zama har ta gama, ba mai ɗaga ta, kuma tana da tumuninta a gidan nan, kashi ɗaya cikin takwas. Ita ba kaya ba ce da za a ce a kai ta wurin wanda ke kusa. An tambaye ta?

Amma ke ma zo nan. "Ai ya sani." Sau nawa kika maimaita min? Kullum ya tambaya kin ce da sauƙi. Kin sayar da gwal kin ce da sauƙi, kin jinginar da zobe da ƙarfe ɗayan dare kin ce da sauƙi. Kunya ce, na sani, da ɗan jan aji, da son ya gane da kansa. Mu mata mun iya wannan, mu yi ta haɗiya muna jiran a karanta mana zuciya, in ba a karanta ba mu ƙulla. Kin ba shi mafaka da bakinki. Gobe a gaban dangi zai ce wallahi ba ta taɓa gaya min ba, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba.

Don haka kada ki zube ledar nan a tsakiyar taro. In kika yi, zancen zai tashi daga bashi ya koma rashin kunyar ƙanwa ga yayanta, ki fito ke ce mai laifi. Ki samu takarda ki jera komai da kwanan wata, abin da ya shigo har da dubu 150 ɗinsa, abin da ya fita, da abin da ake binki yanzu. Ki tura masa shi kaɗai tun kafin taron, da sallama da girmamawa: Yaya, ga abin da jinyar Baba ta ci, ga abin da ya rage a wuyana, ina so mu yi magana kafin a zauna. Ki ba kawu ko baffan da yake jin nauyinsa kwafi ɗaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ladanki kuwa yana nan. Kwanan baranda, da juya shi, da kunun, wannan babu mai biyanki sai Allah, kada ki sa shi a lissafi. Kuɗi kuma hukuncinsu dabam. A shari'a ba a raba gado sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashin mamaci, an zartar da wasiyya, ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun maimaita zancen bashi da wasiyyar. Ko abin da kika kashe zai zama bashi a kan dukiyar Baba, ya danganta da niyyarki lokacin da kike kashewa, kyauta kika yi ko da nufin a mayar miki, da kuma ko akwai shaida. Wannan ki kai wa malamin da ya san gado, ki gaya masa gaskiyar zuciyarki ko da ba za ta yi miki daɗi ba, kuma ki nemi a zauna rabon a gabansa. Ko ya ce kyauta ce, ɗaukar nauyin iyaye mabuƙata yana kan 'ya'ya masu hali gwargwadon ƙarfin kowa, ba a kan wadda gidanta ya fi kusa ba. Ke nan kina da bakin cewa a taya ki sauke bashin, kanki a ɗage.

Yanke zumunci ban yarda ba, kin ma san ba zan yarda ba. Ba na ce ki yi masa dariya ba, amma ki ɗauki wayarsa. Rashin barcin nan da faɗuwar gaba kuma ki ambata wa likitan da zai duba Inna, ki miƙa hannu ke ma a gwada naki jinin, 'yar mai hawan jini ce ke. Kuma tunda Yaya na son a ce ɗan albarka, ga dama ta samu mai araha: a saƙon nan ki ƙara layi ɗaya, cewa kuɗin katin Inna na shekara da maganinta na wata wata a wuyansa suke daga yanzu, ki rubuta masa adadin da lambar asusu. In ya ce ya jikin Inna, kada ki kuskura ki ce da sauƙi. Ki ɗauki hoton ƙafar ki tura masa.

Ki rubuto min abin da likita ya ce.

Gwaggonku.